Abin da Ya Kayar da Inna

Nasarawo, Gombe

Ummi 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hanya. Allah ya sa kin sauka Jalingo lafiya, ya sa kin tarar da masauki mai kyau da mutanen kirki, ya tsare ki a fitarki da shigarki. Na ba Mamanku wannan takarda ta sa miki a akwati, domin na san halina. Idan na zaunar da ke da niyyar magana, ba zan kai rabi ba zan koma zancen hanya da direba. Ki karanta idan kin huta, babu gaggawa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Maganar Inna ce, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Kina makarantar kwana lokacin da ta kwanta, aka ce miki ciwon suga ne, kika karɓa a haka. Ba ƙarya aka yi miki ba, amma ba a gaya miki duka ba. Kin sha faɗa cewa ciwon Inna ne ya sa kika karanci aikin jinya, ni kuma in yi shiru. Yanzu da za ki fara tsayuwa a kan tsofaffin mutane da kanki, bai kamata ki tafi da rabin labari ba. Ba hawan suga ne ya kayar da Inna ba. Saukarsa ce, kuma da hannuna a ciki.

Kin fi ni sanin magani nesa ba kusa ba. Ni tela ne, shekara talatin da 'yan kai ina kan keken ɗinki a Kasuwar Gombe. Abin da na sani wanda ba lalle an koya muku a aji ba shi ne abin da ke faruwa bayan an sallami mara lafiya, ya koma gida hannun irina.

Ni na kai ta asibiti ranar da aka gano ciwon. Ta daɗe tana fama da ƙishirwa da yawan fita bayan gida. A lokacin ta haura saba'in, amma da ƙarfinta, mace ce mai jiki, ita ke dama furarta, ita ke share ƙofar ɗakinta. Likita ya yi bayani mai tsawo, ya rubuta mata ƙwaya ɗaya da za ta riƙa sha kafin karin kumallo. Cikin duk abin da ya faɗa abu guda na riƙe: idan suga ya hau yana makantar da mutum, yana sa a yanke ƙafa. Na san ya ambaci cewa yana iya sauka fiye da kima, don ina tuna shi yana nuna ƙasa da hannunsa. A raina cewa na yi, ai saukar muke nema.

Muna dawowa na tattara gwangwanin suga da kwalbar zuma na kai wa maƙwabta. Na ce wa Mamanku daga yau kada in sake ganin zaƙi a gidan nan, kowa ya sha shayinsa haka. Na hana Inna fura, na hana ta shinkafa, tuwon ma na ce a riƙa ba ta rabin malmala. Na sayo mitar gwaji, kullum da safe kafin in fita sai na huda mata yatsa. Duk ranar da lambar ta fito ƙarama sai in tafi kasuwa ina jin daɗi, har in riƙa ba maƙwabcin shagona labari kamar wanda ya ci jarrabawa.

Wata rana Inna ta buɗe kwano ta dube ni ta ce, "Buba, wannan tuwon na yaron yaye ne?"

Na ce, "Inna, lafiyarki nake nema."

Ta ja kwanon ta ci.

To Ummi, idan kika tsaya yi wa dangin mara lafiya bayani, ki sani mutumin da ke cikin tsoro abu ɗaya yake ɗauka, kuma abin da ya fi firgita shi zai ɗauka. Ki faɗa musu ɓangare biyun da nauyi ɗaya. Hawan suga yana yin ɓarnarsa a hankali, cikin shekaru. Saukarsa kuwa tana iya kayar da tsoho tsakanin azahar da la'asar. Idan kin gama, kada ki ce "kun gane?" domin kowa zai ce ya gane. Ki ce su maimaita miki abin da za su yi idan sun koma gida. Da an sa ni na maimaita a ranar, da an ji inda na baro rabin maganar.

An ba mu ranar komawa asibiti, muka koma sau biyu. Na uku na tarar da layi har waje, ga ɗinkin biki yana jirana. Na ce a raina, ai sunan maganin yana jikin kwali, me zai hana in riƙa saya a kemis? Haka na yi. Wata ya bi wata har shekara biyu da rabi, likita bai sake ganin Inna ba. A tsakanin nan haƙoranta na ƙasa suka zube, cin abinci ya zame mata aiki, ta rame har wuyanta ya fito. Abin kunyar shi ne da hannuna na rage mata riguna sau biyu. Na ga jikin ya ragu na rage tufa, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa maganin ma an auna shi ne da tsohon jikin.

Ban tsaya nan ba. Wani abokina mai sayar da zare ya kawo mini jiƙo a gora, ya ce da shi yayarsa ta warke. Ɗaci gare shi kamar me. Na fara ba Inna rabin kofi da yamma, ga kuma ƙwayar asibiti da safe. Ban san me ke cikin gorar ba, har yau ban sani ba. Na dai ga lambar tana ƙara yin ƙasa, na yi wa abokin nawa godiya.

Don haka duk tsohon da aka kawo miki, ki tambayi yaushe rabon da likita ya duba maganinsa, ba yaushe rabon da ya sha ba. Ki dubi wuyan rigarsa, ki tambaya ko ya rame, ko yana iya tauna, ko yana cinye abin da aka zuba masa. Ki tambayi wa ke ba shi maganin, domin tsohon da idonsa ya yi rauni yana iya sha sau biyu bai sani ba, mai yi wa kansa allurar suga kuma yana iya zuƙar fiye da abin da aka ce. Maganar jiƙo kuwa, kada ki yi ta da fuskar faɗa. Idan kika ce "ba dai kuna ba shi na gargajiya ba?" za su rantse miki ba sa yi. Ki ce, "Yawancinmu muna haɗawa da na gida, ku wanne kuke ba shi?" Za ki ji gaskiya.

Daga nan halin Inna ya fara canjawa, kuma wannan ne wurin da ya fi yi mini nauyin rubutawa, don ya shafi Mamanku. Da hantsi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai Inna ta rikice. Matar da ban taɓa jin ta zagi kowa ba sai ta hau faɗa, ta koma Fulatanci zalla, ta ce Mamanku ta ɗauke mata abu, ta ture kwano. Wani lokaci ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ina yaro. Idan aka lallaɓa ta ta ci abincin rana sai ta dawo daidai, ta ce ita ba ta tuna ta yi haka ba. Da yake yawanci ina kasuwa a lokacin, idan na dawo sai in tarar da Inna lafiya lau, Mamanku kuma ido ya kumbura. Na yanke hukunci cewa rikicin tsufa ne, kuma Mamanku ce ba ta da haƙuri. Har na taɓa ce mata, "Da uwarki ce ai da kin san yadda za ki bi da ita." Shekara ashirin tana yi wa Inna hidima, abin da na saka mata da shi ke nan.

Mitar ba ta nuna mini komai ba saboda da sassafe kawai nake gwadawa, kafin a sha ƙwayar. Abin da ke faruwa bayan awa uku ko huɗu, ban taɓa dubawa ba.

Wadda ta buɗe mini ido ita ce Sista Rifkatu ta unguwar Herwagana, kin san ta, tsohuwar nas ɗin nan da nake ɗinka wa matan cocinsu anko. Wata Asabar zazzaɓi ya hana ni fita, sai ta biyo ni gida karɓar ɗinki. Muna tsakar gida muna duba kayan sai ga muryar Inna daga ɗaki tana ta faɗa. Na ji kunya na ce, "Ki yi haƙuri Sista, tsufa ne."

Ta ajiye kayan ta shiga ɗakin, ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta kai hannu wuyanta. Ta juyo ta ce, "Jikinta sanyi ƙalau ga gumi. Ta karya?"

Mamanku ta ce, "Ta sha magani, kokon ne ta ce ba ta so."

"Malam Buba, kawo mitar. Maman Ummi, kawo suga da ruwa, yi sauri."

Muka tsaya muna kallon juna. Babu ko ƙwayar suga a gidan, ni na hana. Mamanku ta zari mayafi ta ruga maƙwabta ta roƙo. Kafin ta dawo mitar ta nuna hamsin da 'yan kai. Sista ta dama cokali uku na shayi a rabin kofi, ta tallafo Inna tana ba ta kaɗan-kaɗan tana yi mata magana a hankali. Ba a yi kwata na awa ba na ga idon Inna ya dawo. Ta dubi Sista ta ce, "A'a, baƙuwa muka yi? Ba a kawo mata ruwa ba?"

Mamanku ta juya ta fita, na ji ta tana kuka a madafa. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa.

Sista ta sa aka sake gwadawa, sannan ta ce a ba ta abinci mai riƙe ciki, don suga da ruwa ba ya daɗewa. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Wannan ba tsufa ba ne, maganin ne ya fi ƙarfinta. Duk abin da ya gaza saba'in a mitar nan, ka ba ta zaƙi, kada ka jira kowa. Kuma ka kai ta asibiti cikin makon nan a duba maganin. Cikin makon nan na ce, Malam Buba." Na ce to. Ban gaya mata maganar jiƙon ba.

Ki riƙe wannan da kyau, Ummi. Tsoho idan ya canja hali farat ɗaya, ya hau faɗa, ko maganarsa ta sarƙe, ko barci ya riƙa ɗaukarsa a lokacin da ba na barci ba, ki gwada sugansa kafin ki sa wa abin suna. Sista ta ce mini wasu tsofaffin ko gumin da rawar jikin ba sa yi, rikicewar ce kawai alama. Kuma ki saurari matar da ke wuni da mara lafiya. Mu maza mu ke tsayawa gaban likita muna bayani, alhali ba mu ne muke gida da hantsi ba. Mamanku ta sha ce mini, "Malam, abin nan fa da lokacinsa yake zuwa." Ita ta gano shi tun kafin kowa, ban saurare ta ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da da sauƙi. Amma saura kwana goma azumi a lokacin, kin kuwa san yadda shagon tela yake a wannan tsakanin. Kaya har rufi, kowa yana son nasa kafin Salla. Na sayo suga na ajiye a ɗakin Inna, na daina ba ta jiƙon kullum sai jefi-jefi, na ce wa kaina ai yanzu mun san maganin abin, asibiti sai bayan Salla.

Da aka ga wata Inna ta ce za ta yi azumi. Na ce, "Inna, da kin bari bana, a ciyar."

Ta ce, "Tun ina budurwa ban taɓa kallon mutane suna azumi ina ci ba. Yanzu da na kusa tafiya za ka sa in fara?"

Na san addini ya ɗauke mata. Na sha jin malamai suna faɗa a wurin tafsiri cewa mara lafiyar da azumi zai cutar an yi masa rangwame. Amma na ji nauyin in yi jayayya da mahaifiyata a kan ibada, kuma in faɗi gaskiya, hankalina yana shago. Mutumin da ya iya hana ta fura shekara uku ya kasa hana ta abin da zai halaka ta. Sai na yi wani lissafi nawa na kaina: tunda kafin karin kumallo ake shan ƙwayar, to a mayar da ita lokacin sahur. Ban tambayi kowa ba.

Kwana uku ta kai da ƙyar. Rana ta huɗu, gab da la'asar, ina tsakiyar yanka wata shadda wayata ta yi ƙara. Mamanku ce, abin da kawai na ji shi ne, "Inna ta faɗi." Na bar almakashi a kan kayan na tari acaɓa. Na tarar da ita kwance a ƙofar banɗaki, buta a gefe, ta tashi yin alwala ke nan. Idonta a rufe, tana wani irin minshari, rigarta sharkaf da gumi. Na kira ta ba ta amsa ba.

Na tuna abin da Sista ta yi, sai na dama suga na ɗago kanta na fara ɗura mata. Ruwan ya sarƙe ta, ta hau tari, fuskarta ta canja. Allah ya sa Mamanku ta riga ta kira Sista, wayar tana hannunta. Har daga inda nake ina jin muryarta: "Kada ku ɗura mata komai! Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi abu ta baki, huhunsa zai tafi. Ku juya ta ta gefe, ku nemo keke napep yanzu, ina zuwa in same ku a can."

Kin ga, rabin sani ya sake kai ni. Na koyi a ba da suga, ban koyi lokacin da ba a bayarwa ba. Idan za ki koya wa mutane, ki haɗa musu biyun a numfashi ɗaya: idan yana farke yana iya haɗiya, a ba shi suga ko zuma ko lemon kwalba, a sake gwadawa, a bi da abinci. Idan bai san inda yake ba, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Kuma ki tabbatar ba mutum ɗaya ne kawai ya sani a gidan ba.

A asibiti wata nas ƙarama, ba za ta wuce shekarunki na yanzu ba, ta huda yatsan, ta nemo jijiya ta tura mata ruwan suga. Ina tsaye ina kallo Inna ta buɗe ido. Amma tana farfaɗowa ta saki ƙara ta riƙe ƙugunta. Faɗuwar ta karya mata ƙashin kwatangwalo.

Na ɗauka tunda ta farka maganar suga ta wuce, har na tambaya ko za a mayar da mu wajen masu ƙashi. Suka ce a'a, sai sun riƙe ta suna gwadawa. Gaskiyarsu, washegari da safe sugan ya sake faɗuwa alhali ba ta ƙara shan ƙwayar ba. Likitan da ya duba ta, wani mai sanyin magana, ya kira ni da Mamanku ofishinsa. Ya ce, "Yaushe rabonta da ganin likita?"

Na ce, "An ɗan jima."

"Kamar wata nawa?"

"Shekara biyu da rabi."

Ya rubuta. Ya ce, "Bayan wannan ƙwayar akwai abin da take sha?"

Na yi shiru. Mamanku ce ta ce, "Akwai jiƙo, likita."

Na jira ya yi mini faɗa, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, maganin nan an rubuta shi ne ga mace mai jiki mai cin abinci. Wadda ke kwance a can ta rame, ba ta ci sosai, ƙodarta kuma ta rage aiki, shi ya sa maganin ke daɗewa a jikinta yana ta jan sugan ƙasa. Ga jiƙo, ga azumi a kai. A shekarun Mama ba lambar saurayi muke nema ba. Gara ya ɗan ɗaga kaɗan tana tafiya da ƙafarta, da a matse shi ta faɗi." Ya canja mata magani zuwa mai sauƙi, ya ce a sake mata abinci, ta ci abin da ranta ke so daidai gwargwado.

An yi wa ƙashin abin da za a iya, amma bai haɗu yadda za ta taka ba. Wata bakwai ta yi a kwance. Sauran kin sani, kin zo hutu kin same ta a haka. Allah ne mai rayawa mai kashewa, kwananta ne ya ƙare, ban ce wani abu ba. Amma watanni bakwai ɗin nan da ta yi tana kallon rufin ɗaki, ana juya ta ana ɗaga ta, matar da ba ta son ko buta a ɗaukar mata, na san ta inda suka zo.

Ki ji tsoron kalmar nan "sai bayan kaza", a aikinki da rayuwarki duka. Idan wanda ya sani ya ce miki cikin makon nan, to cikin makon nan. Idan kuma azumi ya gabato, kada ki jira tsofaffi su tambaye ki, ba za su tambaya ba. Ki tayar da maganar da kanki tun da sauran lokaci, ki tura su wurin likita a tsara musu. Wanda bai kamata ya yi ba, ki faɗa wa 'ya'yansa a gabansa, domin ɗa yana jin nauyin hana mahaifiyarsa, amma idan daga bakin ma'aikaciya ta fito sai ya sami abin riƙewa. In ta kama a haɗa da malamin da tsohon yake jin maganarsa, a haɗa.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Wata rana da yamma na dawo kasuwa da wuri na kawo mata fura, likita ya yarda da kaɗan. Na zauna a gefen katifarta ina ba ta da ludayi. Ta sha uku ta ce ya isa. Sai na ce, "Inna, ki yafe mini. Ni na jawo miki wannan kwanciya."

Ta dube ni. Ta ce, "Ɓingel am, ɗana, ai ina jin zuwansa."

Na ce, "Zuwan me?"

"Abin nan. Leɓena ke fara yin wani iri, sai gabana ya hau faɗuwa, sai in ji kamar an zare mini ƙashi. Na san da zan sami ɗan abu mai zaƙi a baki da ya wuce. Ranar da na faɗi ma tun azahar nake jin sa."

Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Kullum yatsana kake tambaya."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, har da ɗan murmushinta. Ta ce ta ga yadda nake murna idan lambar ta yi ƙasa, ba ta so ta ɓata mini. Sannan ta dafa kaina kamar ina yaro ta ce ta yafe, duniya da lahira, in je in nemi yafiyar Mamanku don ita ta sha zagin da ba ta ci ba. Na je na nema a ranar. Mamanku ta ce ya wuce, amma na san sai da aka ɗauki lokaci kafin ya wuce ɗin.

Shekara uku ina tsaye a kan lafiyar mahaifiyata, ban taɓa zama na ce mata "Inna, yaya kike ji a jikinki?" in jira amsa ba. Za ki ga 'ya'ya irina da yawa, masu son iyayensu, masu amsa tambaya tun kafin tsohon ya buɗe baki. Ki yi musu uzuri, tsoro ne ke sa su. Amma ki ja kujera kusa da gadon, ki gaishe da tsohon da harshen da ya fi sakewa da shi in kin iya, ki tambaye shi shi da kansa. Ki ba shi lokaci, tsofaffi ba sa amsawa da sauri, kuma sukan fara da "lafiya lau" kafin gaskiyar ta fito.

Ke ma za ki yi kuskure wata rana, babu ma'aikacin da ba ya yi. Idan ya faru ki faɗa da wuri ga wanda ke gaba da ke, tun ana iya gyarawa. Kada ki yi irin shirun da na yi a ofishin likita. Abin da ba ki sani ba ki tambaya, ko da za a ce sabuwa ce. Ki girmama tsofaffin nas da za ki tarar, ko kin fi su takarda. Kuma ki riƙa karyawa kafin ki fita aiki, na san ki da wasa da ciki.

Fararen rigunan aikinki guda uku da na ɗinka, idan kika duba ta ciki wajen dama za ki ga na ƙara wani ɗan aljihu da ba ya cikin samfurin da kika kawo mini. Ba kuskure ba ne. Na sa alewa uku-uku a kowanne. Wata rana za ki gamu da wani tsoho a kan benci yana jiran layi tun safe, ya sha magani bai karya ba, ya fara gumi yana magana ba kan gado. Kafin a nemo mabuɗin kabad, ke kina da abin ba shi. Idan sun ƙare ki sake zubawa.

Allah ya tsare mini ke, Ummi. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa, ya haɗa ki da abokan aiki na gari. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Mamanku tana gaishe ki, ta ce ki kira ta idan kin gama karantawa, don ta san abin da ke ciki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Buba